Fita da Ƙananan Yara Wurin Wasa: Darasi Daga Unguwar Bin Mahmud



Darasin wannan fitowa ya samo asali daga tambayar da wani ƙanenmu direba ya yi mini a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i. Iyalinsa sun zo ziyara daga Kumasi, wata guda za su yi, da yara uku: ɗan shekara bakwai, 'yar shekara biyar, da auta mai shekara biyu. Ya ce, "Malam, yaran nan tun da suka zo ba inda suka sani sai ɗaki da bakin taga. Ina so in kai su wurin wasa kafin su koma, amma kuɗi na ba ni tsoro, cunkoso ma na ba ni tsoro. Ta ina zan fara?" Muka tsaya har ladan ya kulle ƙofa ba mu gama ba. Na ga ya dace in rubuta abin da muka tattauna, tun da ba shi kaɗai ke da wannan damuwa ba.

Wanda ya san Bin Mahmud ya san dalilin tambayar. Unguwa ce ta benaye da shaguna da motoci. Babu tsakar gida, babu ƙofar gida inda yaro zai yi langa ko 'yar tsana da sa'o'insa, babu kakar da za ta zauna a tabarma tana sa ido. A Nima ko Sabon Zango ko Fagge, yaro yana fita ya dawo da ƙura a ƙafa, unguwa duka ta san ɗan wane ne. A nan kuwa yana iya yin mako bai taka ƙasa ba, sai wayar uwarsa a hannu. Fitar da shi ya zama buƙata, kamar abinci da barci.

Nakan ji wasu daga cikin manyanmu suna cewa wannan lagawu ne da ɓarnar dukiya. Ina girmama tsoronsu, kuma akwai gaskiya a ciki idan an wuce gona da iri. Amma ya tabbata a ingantattun ruwayoyi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta kalli mutanen Habasha suna wasa da masu a masallaci ranar idi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana tsaye yana kare ta har sai da ta gaji don kanta. Ya ɗauki jikarsa Umama yana cikin salla. Ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa jin daɗinsa ba. Faranta wa yaro yana da asali a addini. Abin da ya rage shi ne a yi shi ba tare da an ci bashi, ko an bar salla, ko an jefa yaron cikin haɗari ba.

A fara da awon yaro

Kafin a yi maganar wuri ko kuɗi, a jingina kowane yaro da bango, a sa alama, a auna shi da tef ɗin tela. Wuraren wasa na zamani ba sa tambayar shekaru a bakin lilo, tsawo suke dubawa. Kowane abin hawa yana da sandar awo a ƙofarsa: wani santimita 90 ko 100, wani 120, manyan kuwa har 130 ko 140. Dalili shi ne ƙarfen da ke riƙe mai hawa an ƙera shi ne daidai wani girman jiki, yaron da bai kai ba yana iya zamewa ta ƙarƙashi. A bisa ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin yaro ɗan shekara uku yana kusan santimita 96, ɗan huɗu 103, ɗan biyar 110, ɗan bakwai kusan 122. Da wannan lissafin za a ga cewa ɗan shekara huɗu zai tsaya kallo ne a gaban yawancin manyan abubuwan hawa, alhali an biya masa kuɗin shiga.

Don Allah kada a roƙi ma'aikacin ƙofa ya yi alfarma, kada kuma a ɗora wa yaro takalmi mai tudu don a yaudari sandar. Mun saba da cewa magana mai daɗi tana buɗe ƙofa, to wannan ƙofar rufe ta shi ne alherin. Ma'aikacin ma baƙo ne kamarmu, aikinsa zai rasa.

Ina za a je?

Mafi kusa da mu shi ne Quest, a cikin ginin Doha Oasis da ke Mushairib, 'yan mintuna a mota daga unguwarmu. An buɗe shi a 2021, rufaffe ne mai sanyin na'ura, kuma ya shiga kundin Guinness da abubuwa biyu: jirgin wasa mai hawa da gangara mafi tsawo a cikin gini, da hasumiyar da ke sako mutum daga sama mafi tsawo a cikin gini. Yana da sashen ƙanana, amma abin da ya yi suna da shi na matasa ne da manya masu ƙarfin zuciya. Wanda yaransa duka ba su kai shekara shida ba, a ganina ya dakata da shi tukuna.

Na biyu shi ne Gondolania, a cikin kasuwar Villaggio da ke Aziziyya. Shi na fi nuna wa masu ƙananan yara, saboda hanya. Tashar jirgin metro ta Bin Mahmud tana kan layin Zinariya, wanda aka buɗe a Nuwamban 2019. Ka shiga a nan, ka wuce Al Sadd, Jo'an, Al Sudan, Al Wa'ab da Sport City, tasha ta shida ita ce Aziziyya, ƙarshen layi, ba canjin jirgi. Akwai dawakin lilo masu zagaye, da ƙananan motoci, da filin ƙanƙara, da kwale-kwale a magudanar ruwan da ta ratsa tsakiyar kasuwar. Sannan lambun Aspire yana nan bayanta, mai faɗin hekta 88, da tafki da ciyawa, kuma shiga kyauta ne. Nan kusa kuma akwai KidZania, inda yara ke kwaikwayon sana'o'i, wannan likita, wancan ɗan kwana-kwana, ana biyansu da kuɗin wasa. Yakan fi dacewa da ɗan shekara huɗu zuwa sama wanda ke jin Turanci ko Larabci, domin komai da bayani ake yinsa.

A arewacin birni, kan titin Shamal, akwai Doha Festival City mai ɗauke da Angry Birds World da Snow Dunes, gidan dusar ƙanƙara. Jirgi ba ya kaiwa ƙofarsa, sai an haɗa da bas ko tasi. Lusail Winter Wonderland a tsibirin Al Maha, wanda aka fara a Nuwamban 2022, a fili yake, lokacin sanyi kawai yake aiki, kuma harkarsa ta yamma ce zuwa dare. Wuraren wasan ruwa irin su Meryal a tsibirin Ƙetaifan, da Desert Falls can hanyar Salwa wajen iyakar Saudiyya, na ajiye su gefe. Tafiya ce ta yini cur, kuma ruwa da ƙaramin yaro sai da babba guda ga kowane yaro, hannu na iya kai wa gare shi. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, shiru yake yi.

Wanda aljihunsa bai kai ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kada ya ji ya gaza. Lambun Al Bidda da lambun gidan tarihin kayan Musulunci da ke bakin teku suna da lilo da zamiya da fili, ba a biyan ko dirhami. Ɗan shekara uku bai san bambancin lilon kyauta da na riyal ɗari ba, mu iyaye ne muka sani.

Lokaci

Zafin ƙasar nan ba abin wasa ba ne. Hukuma da kanta ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ga ƙarti majiya ƙarfi ke nan. To ina ga yaro, wanda jikinsa ke saurin ɗaukar zafi kuma ba ya faɗin ƙishi sai ya galabaita? A waɗannan watanni, rufaffen wuri kawai. Daga Nuwamba zuwa Maris ne ake morar fili.

Hutun mako a nan Juma'a ne da Asabar. Yammacin Alhamis da na Juma'a su ne kowa ke fita, layi ya yi tsawo, hayaniya ta yi yawa. Safiyar Juma'a kuma gajeriya ce, tun da shaguna na rufewa don sallar Juma'a. Wanda ya samu safiyar Asabar, ko wata rana a tsakiyar mako, ya isa daidai lokacin buɗewa, zai yi a sa'a biyu abin da mai zuwa da daddare ba zai yi a sa'a huɗu ba. Ranar salla da kashegarinta su ne mafi muni. Duk wanda ya taɓa kai yara gidan zu na Kano ranar yawon salla ya san abin da nake nufi. A bari sai rana ta uku ko ta huɗu. A kuma duba ranakun aiki da sa'o'in wurin a daren da za a tafi, saboda suna sauyawa da Ramadan da hutun makarantu, wasu kuma suna ware rana ta mata zalla, magidanci ya zo da iyali a mayar da shi daga ƙofa.

Sa'a uku sun isa. Na san abin da zuciya ke faɗa: na biya kuɗi mai yawa, sai mun ci kuɗinmu. Wannan tunanin shi ke ɓata fita. Ƙaramin yaro yana da sa'a biyu zuwa uku na walwala, daga nan sai yunwa da barci su taso, ya fara kukan da ba dalili, uwa ta hasala, uba ya ɗaga murya, a koma gida kowa fuska a murtuke. A tashi tun ana dariya. In yaro yana barcin rana bayan azahar, a tsara fitar ta ƙare kafin lokacin, ko ta fara bayansa.

A lissafa da salla tun daga gida. A watan Disamba magariba tana yi kafin ƙarfe biyar, la'asar kuwa wajen biyu da rabi, don haka fitar yamma tana haɗuwa da salloli biyu ko uku a jere. Alhamdu lillahi kusan kowace babbar kasuwa a Doha tana da masallacin maza da na mata da wurin alwala. Da an shiga a tambayi inda suke. Miji ya yi salla matar na riƙe da yara, ya dawo ya karɓe su ita ma ta je ta yi a natse. Na sha ganin maigida ya idar ya tsaya duba waya, uwar yara na fama har lokaci ya fita. Wannan ba adalci ba ne.

Maganar kuɗi

A nan zan daɗe, domin nan ne ake faɗawa rami. Mafi ƙarancin albashi a Katar tun Maris na 2021 riyal 1,000 ne a wata, da 500 na masauki da 300 na abinci idan mai aiki bai bayar da su ba. Da yawa daga cikinmu ba su yi nisa da wannan ba, kuma a cikinsa ake aika wa gida. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, tikitin shiga riyal 100 ne. Uba da uwa da yara biyu, auta bai kai shekarun biya ba: 400 ke nan. Abinci a wurin, a ce 30 kowane mutum: 120. Tasi zuwa da dawowa, a ce 50. Gugguru da askirim da balan-balan da hoton da za a ɗauke ku a ce ku saya, a ce 60. An tashi 630 a yini guda, fiye da rabin albashin wani. Wanda bai yi wannan lissafin a takarda ba kafin ya fita, zai yi shi a ƙarshen wata lokacin da mahaifiya ta bugo waya daga gida.

Tsarin biya iri biyu ne. Akwai inda ake biya a ƙofa, a hau komai. Akwai inda shiga kyauta ce, sai a sayi kati a zuba masa kuɗi, kowane hawa a cire. Na farko yana da riba ga yaron da ya kai tsawon hawa yawancin abubuwa. Na biyu ya fi wa mai ƙanana, tun da abu uku ko huɗu za su hau, kuma iyaye ba sa biyan kuɗin tsayuwa. Sai dai katin yana da tarko. Ba a ganin kuɗi na fita, sai a yi ta ƙarawa. Maganinsa a zuba abin da aka yanke sau ɗaya, a nuna wa yara katin a ce, in ya ƙare mun gama. A faɗa musu tun a gida, ana cin abinci, cewa kowa abu huɗu zai hau. Yaron da aka yi wa alkawari a gida yana karɓa, wanda aka ce wa a'a a gaban lilo shi ke birgima a ƙasa.

Jirgin metro riyal 2 ne kowace tafiya, ba ya wuce 6 a yini komai yawan hawa, katin kansa riyal 10, kuma ɗan ƙasa da shekara biyar ba ya biya. Iyali mai mutum huɗu masu biya, riyal 16 zuwa da dawowa. Akwai taragon iyali, da na'urar hawa bene a tashoshi don masu keken jariri. A ci abinci a ƙoshi kafin a fita. Wake da shinkafa ko koko da ƙosai na gida sun fi riƙe ciki a kan abin da za a saya da tsada. Wurare da yawa ba sa barin a shiga da abincin waje, amma ba a cika hana ruwa da abincin jariri ba. In da lambu a kusa, a tafi da kula da tabarma a ci a can bayan an fito.

Akwai wasu akwatunan gilashi masu ƙugiya, a jefa kuɗi a yi ƙoƙarin cafko 'yar tsana, da wasu masu zubo tikitoci a musanya da kyauta. Ni dai ba na barin yarana su taɓa su. Ka biya tabbas don abin da ƙila ka samu ƙila ka rasa, kuma na'urar ce ke da rinjaye. Malamai da yawa suna ganin ya yi kama da caca, kuma ko ba a kai ga hukunci ba, ɗabi'ar sake gwadawa ko za a dace ba abin da za a koya wa ɗan shekara shida ba ne.

Kada a ci bashi don wannan fita, kada a taɓa kuɗin adashi ko na haya. Daidai ruwa daidai tsaki. Gidaje biyu ko uku suna iya haɗuwa su fita tare, a raba kuɗin mota da abinci, idanu kuma su yi yawa a kan yara.

Minti bakwai

Wata shekara na kai iyalina wani wurin wasa a garin nan. Ɗiyata tana da shekara huɗu. Na tsaya biyan kuɗin ruwa, na juyo na ce wa mahaifiyarta, "Ina yarinyar?" Ta ce, "Ba tana wurinka ba?" Minti bakwai muka yi muna nema. Na yi shekaru ina karantar da tawakkali, amma a minti bakwai ɗin nan ƙafafuna rawa suke. Wani mai gadi ya same ta a bayan wata na'ura tana kallon fitilu. Ya tambaye ta sunan babanta ta ce Baba, sunan mamarta ta ce Umma. Laifin nawa ne, ba na kowa ba.

Daga ranar na koyi abubuwan da nake gaya wa kowa. Yaro yana ɓata ne a tsakanin manya biyu, kowa na zaton yana wurin ɗayan. Don haka a raba da suna: wane naka ne, wance tawa ce, kuma in za a miƙa yaro a faɗa da baki, a ji amsa. A rubuta lambar waya a takarda a sa a aljihunsa, ko a rubuta a damtsensa da biro. A ɗauke shi hoto a ƙofar gida da kayan da ke jikinsa a ranar, saboda cikin ruɗewa uwa ma tana manta launin rigar da ta sa masa. A koya masa cikakken sunan mahaifinsa. Na san al'adarmu ta kunya ba ta son yaro ya kama sunan uba, amma ya san shi don irin wannan rana. A nuna masa masu kayan aiki na wurin, a ce in ba ka gan mu ba ka tsaya inda kake, kada ka bi kowa waje, ka nuna wa mai irin wannan rigar takardarka. Yaran da suka zo daga Maradi ko Yamai, Hausa da Faransanci suke ji, masu gadin nan kuwa Turanci ne da Larabci, shi ya sa takardar ta fi baki amfani. In an nema minti biyu ba a gani ba, a sanar da masu tsaro nan take don su sa ido a ƙofofi, kada a tsaya jin kunya.

A ƙirga yara duk lokacin da aka shiga mota ko jirgi, da duk lokacin da aka fito. A Satumban 2022 wata yarinya 'yar shekara huɗu ta rasu a Al Wakra bayan an manta da ita tana barci a motar makaranta cikin zafi. Kada a bar yaro a mota ko na minti ɗaya da sunan yana barci. Dokar hanya ta ƙasar nan kuma ta hana ɗan ƙasa da shekara goma zama a kujerar gaba.

Tsofaffin mazauna Doha ba su manta da ranar 28 ga Mayu, 2012 ba, ranar da gobara ta tashi a Villaggio ta ci rayuka 19, 13 daga ciki ƙananan yara ne da ke gidan reno a cikin ginin, tare da masu kula da su huɗu da 'yan kwana-kwana biyu. Allah Ya ba iyayensu haƙuri. An gyara wurin an sake buɗewa, kuma na ambaci wannan ne don ɗabi'a guda da nake so mu ɗauka a kowane rufaffen gini: da shigarka ka ɗaga kai ka nemi koriyar alamar ƙofar fita, ka san guda biyu. In ƙararrawa ta yi kara, a ɗauki yara a fita ta matakala, a bar keke da jaka, kada a jira a ga ko da gaske ne. Lambar gaggawa 999 ce, ta 'yan sanda da motar asibiti da kwana-kwana duka. Cibiyar gaggawa ta yara tana Al Sadd, maƙwabta da mu. A riƙe katin lafiya da katin shaida, ko hoton fasfo ga baƙi.

Sutura da lafiya

Kayanmu masu yalwa ne, injuna kuma ba su san ado ba. Dogon mayafi, da jelar hijabi, da bakin babbar riga ko jallabiya suna iya shiga tayar ƙaramar motar tsere ko haƙoran matakala mai tafiya. Uwa ta sa hijabin da ba ya ja, ta soke bakinsa kafin ta hau wani abu. 'Yan mata a sa musu wando a ƙarƙashin riga. Takalmi ya zama mai rufe ƙafa, a tafi da safa domin wuraren tsalle-tsalle ba sa bari sai da ita. A jaka a sa kayan canji, da famfas, da 'yar rigar sanyi, saboda sanyin na'ura a kasuwannin nan yana kama yaron da ya yi gumi.

Ga wata magana da ta shafe mu fiye da sauran baƙi: sikila. Sanyi mai tsanani, da ƙarancin ruwa a jiki, da gajiya, suna tayar da ciwon. Gidan dusar ƙanƙara ana riƙe shi a digiri 4 ƙasa da sifiri. Yaro mai sikila kada a kai shi can, kada a sa shi a ruwa mai sanyi, a yi ta ba shi ruwan sha ko bai nema ba, a bar shi ya huta. Mai asma a tafi da abin shaƙarsa. Mace mai ciki, da mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na baya, su bar abubuwan da ke fizga da juyi, ko da jika ya roƙi Kaka ta raka shi.

Wanda ya ji tsoro kada a tilasta masa. Mukan ce wa yaro, kai ba namiji ba ne? Sai a ɗora shi yana kuka ana dariya ana ɗaukar bidiyo. Ya tsaya ya kalli 'yan uwansa sau ɗaya ko biyu, sau da yawa da kansa zai ce zai hau. In bai ce ba, ba a yi asarar komai ba.

Ɗan maƙwabci da 'yan gida

Ɗa na kowa ne, kuma yana da kyau mai fita ya tuna da yaron maƙwabcin da ubansa ke aiki ranar hutu, ko wanda ba shi da uban. Amma amana ce mai nauyi. A nemi izinin iyayensa a sarari, a tambayi ko yana da wata lalura, a karɓi lambarsu, a faɗi lokacin dawowa. Abin da aka saya wa naka a saya masa. Tsakanin 'ya'yanka ma haka: sahabi Bashir ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta ya nemi Manzon Allah ya shaida, ya ƙi, saboda ba a yi wa sauran 'ya'yan irinta ba. Mai mata biyu ya kula da wannan sosai. In yau ɗakin wannan aka fitar, a sa ranar ɗakin waccan tun kafin a tambaya.

Sai hotuna. Da yawa cikinmu suna da wasu 'ya'yan a gida wurin kakanni, waɗanda ba su samu zuwa ba. Kafin a watsa bidiyon lilo a zauren WhatsApp na dangi, a tuna akwai yaron da zai kalla a wayar kakarsa ya ga 'yan uwansa. A tuna kuma da ɗan uwan da aka ce wa babu a makon jiya, wanda ba zai san wata uku aka yi ana tara kuɗin ba. A tura wa wanda ya kamata shi kaɗai. In an yi wa na nan, a aika da ɗan abin da za a kai na gida Rattray Park a Kumasi, ko gidan zu, ko duk abin da garin ke da shi. Kuma kada a ɗauki matan mutane da 'ya'yansu a hoto, dokar ƙasar nan tana hukunta mai watsa hoton wani ba da izininsa ba.

Ƙanen namu ya kai nasa ranar wata Asabar. Sun karya a gida, sun shiga jirgi a Bin Mahmud, sun sauka Aziziyya. Ya zuba wa kati abin da ya yanke, kowane yaro ya hau abu huɗu, suka yi azahar a can, suka ci abincin kula a kan ciyawar Aspire, kafin la'asar suna gida. Auta ya yi barci a kafaɗarsa tun daga Sport City, ya ce kuskurensa ɗaya bai ari keken jariri ba, wuyansa ya kwana biyu yana ciwo. Na tambaye shi me yaran suka fi so. Ya yi dariya ya ce, "Malam, jirgin. Sun zauna a gaba suna kallon rami, wai ina direban yake. Har yau maganar da suke yi wa kakarsu ke nan a waya."